Kafin Ka Ce "Ubangiji Ya Yi Mini Magana"

Wata Lahadi bayan an tashi daga sujada, wani ɗan'uwa ya tsayar da ni a bakin ƙofa, ya ce in sa shi a addu'a domin zai ajiye aikinsa. Na tambaye shi yaushe. Sai ya zaro wata takarda daga tsakiyar Littafi Mai Tsarki da ke hannunsa, a ninke gida huɗu. Ya riga ya sa hannu, kwanan watan da ke kai kuwa na washegari Litinin ne. Shekararsa 11 a wurin aikin nan, yana da 'ya'ya uku, biyu suna makaranta. Na ce, "To ɗan'uwa, in ka ajiye me za ka kama?" Ya ce zai fara harkar kansa, amma bai gama tantance ko wace iri ba. Na ce, "Maman yara fa, me ta ce?" Ya yi shiru, ya sunkuyar da kai, can ya ce, "Ban gaya mata ba tukuna. Ubangiji ne ya yi mini magana, in na tsaya jin ta bakin mutane za su raunana mini bangaskiya."

Wannan magana tasa ta ƙarshe ce ta sa na zauna yin wannan rubutu, domin ba daga bakinsa kaɗai na ji ta ba. Na ji ta daga matashin da zai bar karatu saura masa shekara ɗaya, na ji ta daga wadda za ta kwashe kuɗin sallamarta kaf ta zuba a sana'ar da ba ta taɓa yi ba. Mun koya wa junanmu a ikkilisiya, wani lokaci da baki, wani lokaci da irin shaidar da muke tafa wa, cewa mai bangaskiya shi ne wanda ya yi tsalle nan take, wanda ya zauna ya yi lissafi kuwa bangaskiyarsa ce ta yi ƙaranci. Ni dai a ganina wannan koyarwa kuskure ce, Littafi Mai Tsarki bai goyi bayanta ba, kuma mata da yara ne suka fi ɗanɗana kuɗarta.

Kada wani ya ɗauka ina musun cewa Allah yana bi da mutanensa. Na gaskata yana yi, na kuma gani a rayuwata. Abin da ke damuna shi ne arhar da sunansa ya yi a bakinmu. Doka ta uku cikin Dokoki Goma, a Fitowa 20:7, ta hana ambaton sunan Ubangiji a banza, mu kuwa mun taƙaita ta ga rantsuwa kawai. Amma mutumin da ya ɗauki son zuciyarsa ya liƙa masa sunan Allah, shi ma abin da ya yi ke nan. A Irmiya sura 23 Allah ya tsananta wa annabawan da ke cewa sun yi mafarki, suna faɗin abin da ke ransu suna jingina masa. Ka kuma lura da abin da kalmar take yi a cikin gida. Da zarar maigida ya ce Ubangiji ya faɗa masa, matarsa ba ta da sauran ta cewa, in ta yi tambaya ta zama mai jayayya da Allah. Dattijon ikkilisiya ma sai ya ja bakinsa. Da jimla ɗaya ka toshe duk bakunan da Allah zai iya bi ta cikinsu ya gyara maka hanya.

Ni ma na taɓa neman alama. Shekarun baya aka yi mini tayin wani aiki mai albashi ya fi wanda nake karɓa, amma sai na kwashe iyalina mun koma wani gari mai nisa. Dare uku ina juya takardar a kan tebur. A dare na uku na durƙusa na ce, "Ya Ubangiji, in daga wurinka ne, bari su kira ni a waya kafin ƙarfe goma sha biyu na rana gobe." Washegari na ajiye wayar kusa da ni, ina aiki ina satar kallonta. Sha biyu saura minti ashirin sai ta yi ƙara, su ne kuwa. Jikina har rawa yake yi don murna. Da yamma na tafi wurin wani dattijo da nake girmamawa, na ba shi labari. Ya saurare ni har ƙarshe, sannan ya ce, "Ɗana, ba sun ce maka za su kira a cikin makon nan ba? Kuma masu ofis da safe suke kiran mutane. Ajiye maganar waya. Gaya mini, ka san dalilin da ya sa wanda ke kan kujerar kafin kai ya tashi?" Ban sani ba, ban ma taɓa tunanin tambaya ba. Da na bincika na tarar mutum uku aka yi a kujerar cikin shekara biyu, kuma duk abu ɗaya ya kore su, wato ana so su riƙa sa hannu a kan lissafin da ba gaskiya ba.

Mukan fake da Gidiyon da ulun da ya shimfiɗa a masussuka, a Littafin Mahukunta sura 6. Amma in ka karanta da kyau za ka ga tun kafin ulun Allah ya riga ya gaya masa abin da zai yi a fili. Tsoro ne ya sa ya nemi alama, shi da kansa ya roƙi Allah kada ya yi fushi da shi sa'ad da ya nema karo na biyu. Allah ya yi masa haƙuri, amma haƙurin da aka yi wa mai tsoro bai zama ƙa'idar da za a koya wa kowa ba. Kuri'a ma, karo na ƙarshe da almajirai suka jefa ta shi ne a zaɓen Matiyas, a Ayyukan Manzanni sura 1, kafin saukowar Ruhu Mai Tsarki. Bayan nan, da babbar matsala ta taso a sura 15, taro suka yi a Urushalima, aka yi muhawara mai tsawo, aka saurari Bitrus da Bulus da Barnaba, Yakubu ya kawo Nassi, sannan suka rubuta cewa Ruhu Mai Tsarki ya ga ya dace, su ma sun ga ya dace. Muhawara da bishewar Ruhu a ɗaki ɗaya suka zauna.

Haka ma maganar buɗaɗɗiyar ƙofa. Kullum sai ka ji an ce, "Tun da ƙofa ta buɗe, ai Allah ne." Annabi Yunusa da ya tashi gudu daga Ubangiji, ya gangara Yafa ya tarar da jirgin ruwa mai zuwa Tarshish yana jira, kuɗin jirgin ma yana da shi. Ƙofa ta buɗe masa sosai. Bulus kuma a 2 Korantiyawa 2:12-13 ya ce Ubangiji ya buɗe masa ƙofar bishara a Taruwasa, duk da haka bai zauna ba, ya wuce Makidoniya domin hankalinsa bai kwanta ba da bai sami Titus ba. Manzo ke nan ya ga ƙofar da shi da kansa ya ce ta Ubangiji ce, ya auna ta da wani nauyin da ke kansa, ya zaɓi ya wuce. Lutu kuwa da aka ba shi zaɓi a Farawa sura 13, ya ɗaga ido ya ga kwarin Urdun shar da ruwa. A lissafin mai dabbobi zaɓinsa daidai ne. Abin da bai saka a lissafin ba shi ne irin maƙwabtan da 'ya'yansa za su tashi a cikinsu a Saduma.

Akwai kuma masu cewa, "Na ji salama a zuciyata." Salama abu ne mai kyau, ina nemanta ni ma. Sai dai Yunusa ya yi barci mai nauyi a can ƙasan jirgi alhali yana kan hanyar tawaye, Ubangijinmu Yesu kuwa a Getsamani ransa yana shan wahala matuƙa alhali yana tsakiyar nufin Ubansa. Sau da yawa abin da muke kira salama sauƙin da mutum kan ji ne in ya daina tunani a kan abin da ya dame shi. Irmiya 17:9 ya gargaɗe mu game da yaudarar zuciya, 1 Tassalunikawa 5:21 kuma ya ce mu gwada kome.

In ana neman mutumin da ya sauya aiki cikin bangaskiya da hankali tare, ni Nehemiya nake nunawa. Mai miƙa wa sarki Artashate abin sha ne a fadar Shushan, babban muƙami a daula mafi ƙarfi a zamaninsa. Labarin rushewar garun Urushalima ya iso masa a watan Kisle, ya yi kuka, ya yi azumi, ya yi addu'a. Amma bai buɗe baki a gaban sarki ba sai a watan Nisan, wajen wata huɗu ke nan. Me yake yi a tsakani? Amsar tana cikin sura 2. Da sarki ya tambaye shi abin da yake so, ya yi gajeriyar addu'a a ransa, sannan ya amsa kamar wanda ya daɗe da shiri. Ya faɗi tsawon lokacin da zai yi. Ya nemi wasiƙu zuwa ga masu mulkin lardunan da zai ratsa. Ya nemi wata wasiƙar zuwa ga Asaf mai kula da kurmin sarki domin katako, wato har sunan ma'aikacin da ke riƙe da katakon ya bincika ya sani. Da ya isa Urushalima bai tara mutane ya ce Allah ya aiko shi ba. Ya yi kwana uku, ya fita da dare da mutane kaɗan, ya zaga garun ya ga ɓarnar da idonsa, har ya kai inda dabbar da yake kai ta rasa wurin wucewa. Sai bayan nan ya yi magana. Garun ya ƙare cikin kwana 52. Shi da kansa ya ce Allah ne ya sa abin a zuciyarsa, kuma wannan bai hana shi tambayar inda za a sami katako ba.

Yesu ma da yake maganar tsadar binsa a Luka 14, misalin da ya ɗauko shi ne na mai ginin hasumiya wanda yakan fara zama ya yi lissafin abin da ginin zai ci, don kada ya sa harsashi ya kasa gamawa a yi masa dariya. Ya ƙara da sarkin da ke da mayaƙa 10,000 yana shirin karawa da mai 20,000. Ya ɗauki zaman lissafi a matsayin abin da kowane mai hankali ya sani, har ya gina koyarwar almajirci a kansa.

Na san abin da za a ce mini. Masunta fa, da suka bar tarunansu nan da nan? Ibrahim fa, da ya fita bai san inda za shi ba? Gaskiya ne, kuma ba na so in rage wa waɗannan labarai ƙarfinsu. Akwai ranar da kira yakan zo wa mutum a sarari har jinkiri ya zama rashin biyayya. Amma Yesu ne da kansa, a jiki, ya tsaya a bakin teku ya kira su da murya. Bisharar Yahaya sura 1 ta nuna Andarawas da Bitrus sun riga sun sadu da shi kafin wannan rana. Markus ya kuma lura cewa Yakubu da Yahaya sun bar mahaifinsu Zabadi a jirgi tare da ma'aikatansa, ba a bar tsohon shi kaɗai ba. Bulus da Barnaba kuwa, Ruhu ya yi maganar keɓe su a gaban ikkilisiyar Antakiya, 'yan'uwa suka yi azumi, suka ɗora musu hannu, suka sallame su. Kiran da ya fito daga Allah ba ya tsoron a gwada shi. In tambaya ɗaya daga bakin matarka za ta iya rushe abin da ka ce ka ji, to ka sake duba abin da ka ji.

Wani tushen matsalar shi ne yadda muka raba aiki gida biyu, "aikin Allah" da "aikin duniya", har malamin makaranta ko makaniki mai ƙaunar Ubangiji ya riƙa jin kamar bai kai ba sai ya hau bagade. Tun a 1520 Martin Luther, jagoran gyaran ikkilisiya a Jamus, ya rubuta cewa mai ɗinkin takalma da maƙeri da manomi kowa yana da aikin da aka ba shi don ya bauta wa sauran, kuma duk ɗaya suke a gaban Allah da masu riƙe da muƙaman ikkilisiya. Kafin shi, Yahaya Mai Baftisma da masu karɓar haraji da sojoji suka tambaye shi abin da za su yi, bai ce su ajiye aiki ba. Ya ce wa na farko kada su karɓi fiye da abin da aka ƙayyade, ya ce wa na biyun kada su yi ƙwace ko ƙage, su gamsu da albashinsu. Mutumin da Yesu ya fitar wa aljanu a Markus sura 5 ya roƙa a bar shi ya bi shi, Yesu ya mai da shi gida wurin mutanensa.

Ina yawan tuna William Wilberforce a nan. Ya shiga majalisar dokokin Birtaniya a 1780 yana ɗan shekara 21. Da ya tuba a 1785, sai ya fara tunanin barin siyasa gaba ɗaya. Ya je wurin John Newton, wanda dā kyaftin ne na jirgin fataucin bayi kafin ya zama mai wa'azi, ya nemi shawara. Newton ya ce masa ya zauna a majalisa ya bauta wa Allah a can. Ya zauna. Shi ya jagoranci yaƙi da fataucin bayi a majalisar, har a 1807 aka haramta shi a daular Birtaniya, a 1833 kuma, 'yan kwanaki kafin ya rasu, ya sami labarin cewa dokar 'yanta bayi za ta wuce. Da a ce ya bi zafin zuciyarsa na sabon tuba bai tambayi kowa ba fa? Kuma don kada a ce ina wa'azin kowa ya zauna inda yake, ga Albert Schweitzer. Masanin tauhidi ne kuma gwanin kiɗa, sunansa ya riga ya fita. Yana ɗan shekara 21 ya ƙudura cewa in ya kai 30 zai ba da ransa ga hidimar mutane. A 1905 ya shiga karatun likita, sai 1913 ya tafi Lambarene a ƙasar Gabon ya kafa asibiti. Ya bar abu mai yawa, amma ya yi shekara takwas yana koyon aikin da zai je yi.

To wane irin lissafi nake nufi? Albashi yana ciki, kuma babu kunya a tambayarsa, tun da 1 Timoti 5:8 ya ce wanda bai kula da mutanen gidansa ba ya mūsa bangaskiya. Ka san bashin da ke kanka, ka san wata nawa gidanka zai iya yi in babu abin da ke shigowa, ka kuma je wurin wanda ya yi shekaru a sana'ar ka tambaye shi abin da ya fi ba shi wahala, musamman wanda ya taɓa karyewa a cikinta. Amma lissafin mai bi ya wuce na aljihu. John Wesley, wanda ya kafa ɗarikar Methodist, a wa'azinsa a kan amfani da kuɗi ya ce a nemi duk abin da za a iya samu, sai dai ba ta hanyar da za ta cuci lafiyarka, ko ranka, ko maƙwabcinka ba. Ka tambayi kanka wace ƙarya aikin nan zai buƙata daga gare ka kowane wata. Wa zai yi kuka in ka yi nasara a cikinsa? Yaranka za su riƙa ganinka a farke kuwa? Akwai ƙarin girman da ya kamata mai bi ya ƙi karɓa, kowa yana ganin ya yi wauta, kuma wannan ma yana bukatar bangaskiya ba kaɗan ba.

Sannan ka duba halin da kake ciki a ranar da kake yanke shawarar. Ignatius na Loyola, wani malamin ikkilisiyar Katolika na dā, ya koya wa almajiransa cewa kada mutum ya sauya abin da ya tsayar a lokacin da ransa yake cikin duhu da ƙunci, ya bari sai gari ya waye masa. Shawara ce mai kyau ƙwarai. Mai fushi da mai jin kunya da wanda ya gaji liƙis, duk suna iya jin murya mai ƙarfi tana cewa su tashi su tafi, kuma sakin reshe kama ganye daga nan yake farawa.

Mu masu ba da shawara ma muna da namu laifin. Akwai masu wa'azin da kan dubi matashi a tsakiyar taro su yanke masa sana'a da sunan annabci, sannan in abin ya watse ba su ne ke biyan kuɗin makarantar 'ya'yansa ba. Akwai iyayen da ke sa wa burinsu rigar nufin Allah. Wanda aka zo wurinsa neman shawara ya yi ta yin tambayoyi, ya rage yanke hukunci, kamar yadda dattijon nan ya yi mini.

Ban manta ba cewa mutane da yawa ba su da wani zaɓi, abin da ya samu shi suke yi, kuma ana sa su jin kamar sun kauce wa kiransu. Kolosiyawa 3:23, inda aka ce duk abin da kuke yi ku yi shi da zuciya ɗaya kamar ga Ubangiji, bayi aka fara rubuta wa, mutanen da ba su zaɓi aikinsu ba ko kaɗan. Yusufu bai zaɓi gidan Fotifar ba, bai zaɓi kurkuku ba, Nassi kuwa ya ce Ubangiji yana tare da shi a duka biyun. Wanda kuma yake da zaɓi biyu masu kyau, ya yi addu'a, ya nemi hikima kamar yadda Yakubu 1:5 ya ce, ya yi bincike, ya saurari masu ƙaunarsa, yana da 'yanci ya ɗauki ɗaya ba tare da fargabar cewa Allah ya ɓoye masa amsa yana jira ya faɗi ba. Yakubu 4:13-15 bai tsawata wa 'yan kasuwa don sun tsara za su je gari kaza su yi shekara suna ciniki ba. Ya tsawata musu don sun manta su ce, "In Ubangiji ya yarda."

Ɗan'uwan nan da na fara da labarinsa, mun zauna a kan benci har majami'a ta watse. A hankali maganar ta fito. A makon nan shugabansa ya ci masa mutunci a gaban ƙananan ma'aikata, a kan laifin da ba nasa ba, kuma a daren ne ya ji muryar da ta ce ya tafi. Da yake ba ni labarin, hawaye yake yi. Ban ce masa ba Allah ne ya yi magana ba, domin ba ni da ikon faɗin haka. Na roƙe shi abu ɗaya, kada ya miƙa takardar sai ya nuna wa matarsa, ya kuma ba kansa wata guda. Muka yi addu'a, ya mai da takardar cikin Littafin.

Ya bar aikin daga baya, bayan wata goma sha huɗu, da ya biya bashinsa ya kuma yi ta zuwa koyon sana'ar da yamma a wurin wanda ya iya. Amma abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne abin da ya gaya mini a Lahadi ta gaba. Ya ce da ya miƙa wa matarsa takardar a daren nan, ko buɗe ta ba ta yi ba. Ta ce, "Baban yara, na gan ta tun ranar Alhamis da na ɗauki Littafin zan karanta wa yara. Tun ranar nake roƙon Allah ya sa ka gaya mini da bakinka."